Duron Baƙin Mai Ne Ya Kashe Motarka, Alhaji

Zuwa ga Alhaji Kyari, mai motocin haya na garejin Bolewa, Potiskum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, amin.

Ranka ya daɗe, ni ne Adamu na Yindiski, wanda ya ja maka akori-kura tun shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, har zuwa Larabar nan da injin ya buga mini gab da Damagum, da buhunan gero a baya. Sau biyu na zo zaurenka aka ce kana hutawa. To, tunda a tsakiyar tasha aka karɓe mini makulli, ni ma a bainar jama'a zan yi tawa maganar.

Na ɗaya. An ce maka ban duba mai ba. Wallahi ƙarya ce. Kullum da safe kafin in tayar da mota sai na zaro ƙarfen awon mai, in goge, in mayar, in sake zarowa in duba. Ranar ma a cike yake har kan layi. Baba Bukar, babban makanikinka, da hannunsa ya kwance injin, kuma ya tarar da mai. Ashe ba yawan man ne abin tambaya ba. Wane irin mai ne?

Na biyu. Akwai wani duro a bayan gareji, gindin dogon yaro. Duk motar da aka yi wa juyen mai, a nan ake zuba tsohon manta. Sai a bar shi ya kwana bakwai wai ya kwanta, a kwalfi na sama, a tace da tsohon rawani, a ɗura wa wata motar. Baba Bukar kan ce, “Mai ba ya mutuwa, yaro, gajiya yake yi, in ya huta sai ya koma aiki.” Ranka ya daɗe, mai ba jaki ba ne. Man da masu gini ke roƙa su shafa wa azara don gara, shi muke ba inji ya sha.

Na uku. Ban yi makaranta ba. A jikin motoci da takardar ƙunshin tsire na koyi haɗa baƙi. Amma akwai ɗan littafi da ya zo da motar, ba wanda ya taɓa buɗe shi sai ni. Da Turanci yake. Wata biyu ina fama, maƙwabcina malamin firamare yana warware mini. Abin da na gane shi ne, aikin mai ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ya kuma kwashe dattin inji. In ya cika tafiyar da aka ƙayyade masa sai a zubar, a sa sabo, a canza matatarsa. Garin ƙarfen da ke cikinsa ya fi ƙarfin rawani. Matatar motata kuwa, sau uku ana wanke ta da kananzir ana mayarwa. Da na nuna wa makanikai littafin, sai aka ce, “Malam Bature, mu da muka gyara mota tun kana goye?” Aka kwashe da dariya.

Na huɗu, kuma wannan laifina ne. Ranar juyen ƙarshe na murza man a yatsuna, na ji tsaki-tsaki kamar an zuba yashi. Na sani. Amma Baba Bukar ne ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari, sai na ji nauyin in ƙaryata shi gaban mutane. Ni da ake cewa bakina ba linzami, ranar da ya kamata in yi magana na yi shiru. Har yau abin na cina. Baba Bukar ba mugu ba ne. A zamanin da mai ke wuyar samu ya koyi aiki, dabarar ta zame masa al'ada. Amma kunya ba ta gyara inji.

Yanzu a tasha Adamu Kashe-Inji ake kirana. Duk mai motar da na tunkara sai ya soma laluben aljihu, wai ya manta makulli a gida. Direba ba shi da gona sai sunansa.

Ga roƙona. Ka faɗa a tasha, inda aka ɓata ni, cewa ba sakacin duba mai ne ya kashe motar ba. Ka sa a rabar da duron nan ga masu azara, domin sauran motocinka huɗu daga cikinsa suke sha, biyu kuwa mutane suke ɗauka, ba gero ba. Kada kuma a wulaƙanta Baba Bukar. A ba shi sabon mai, hannunsa ya iya sauran.

In kana shakka, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da littafi. Ka zagaya bayan gareji, ka naɗe hannun riga, ka tsoma yatsu biyu a duron ka murza. In ka ji sumul, na karɓi sunan har abada.

Allah ya ƙara maka arziki, ya tsare motocinka da waɗanda ke cikinsu, ya ba ka kunnen jin na ƙasa da kai.

Wassalam.

Adamu Direba,
Unguwar Yindiski.