Minti Biyu a Gaban Kwamfuta

Greenbelt, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Ɗija,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar taki? Ni da Haula da 'yarmu Umaima duk lafiya lau, alhamdulillahi.

Yaya, abin da kika ji gaskiya ne, an rufe sashenmu na rediyo. Na ƙi kiranki ne don na san za ki gane daga muryata. Takardar zamana a ƙasar nan haɗe take da aikin. In ban samu wani ba kafin ƙarshen Mayu, sai mu tattara. Umaima kuwa saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare.

Yanzu ta kwamfuta ake intabiyu. Maƙwabciyarmu Edna, nas ce 'yar Jos, ita ta gyara min wuri. Ta juya teburina ya fuskanci taga, ta ɗora kwamfutar a kan littattafai, ta cire kalandar bango. Ta ce in riƙa kallon idon kyamara, ba fuskar mai tambaya ba. Na sa kwat na zauna. Ashe babu ma mutum. Tambaya ce ke fitowa a rubuce, agogo na ƙirga minti biyu. Shekara goma sha tara ina yi wa ministoci tambayoyi, sai ga ni ina yi wa gilashi murmushi. Ina tsakiyar magana na'urar ta katse ni.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Halilu

Greenbelt, 21 ga Mayu

Yaya Ɗija,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Na ga saƙonki, Allah ya saka da alheri.

Wannan karon da mutum na gana, wata mata a wani kamfanin fassara. Duk abin da Edna ta koya min na yi. Hira ta yi daɗi, har ta ce ba ta taɓa jin murya mai natsuwa irin tawa ba. Can sai ta tambaya ko sai kamfaninsu ya nema min takardar zama. Na ce e. Na ga ta sunkuya ta rubuta wani abu, ba ta daina murmushi ba. Washegari saƙonsu ya zo, layi uku kacal.

Na yi ta tunanin shigata, da hasken ɗakin, da amsoshina. Wallahi ban ga inda na kuskure ba. Da na gani ai da na gyara.

Jiya Umaima ta kawo min fom ɗin darussan baɗi. Tana ta zuba min Turanci a kan waɗanda ta zaɓa, tana murna. Na karɓi biro na sa hannu. Na miƙa mata, har yau ba ta san za mu dawo gida ba.

Don Allah ki sa a share ɗakunan Baba, a duba rufin kafin ruwa ya zauna. Kada ki faɗa wa kowa tukuna.

A gaida yara duka.

Naki,
Halilu