Ranar Asabar Za a Juya wa Ɗana Baya

Malama Orvokki, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuto wa jarida komai ba sai sau ɗaya da na zagi alƙalin wasa, shi ma ba su buga ba.

Ni ne mai gangar 'yan tsaye, wato magoya bayan da ke kallo a tsaye a bayan raga, a ɗakin wasan hokin ƙanƙara na garinmu. Tun ina saurayi a kamfanin takarda nake tsayawa a bayan ragar nan, tun kafin a yi wa filin rufi, lokacin da dusar ƙanƙara ke sauka mana a cikin kofi. Matata Sirpa takan ce in gobara ta tashi gangar zan fara fitarwa kafin ita, ni kuma ban taɓa musantawa da ƙarfi ba.

Ɗa ɗaya gare mu, Verneri, shekararsa sha tara, ɗan gaba ne. Ni na koya masa tsayuwa a kan takalmin sulun ƙanƙara, a tafkin bayan gidanmu in ya daskare, yana tura kujerar kicin don kada ya faɗi. Da ya kai sha shida garin nan ya haukace a kansa. A kanti, a gidan wankan tururi, har a ƙofar coci, kowa yaronmu, yaronmu. Gemu bai fito masa ba suka gama yanke cewa shi zai mayar da ƙungiyarmu babban rukunin gasa. Ni ma ina cikinsu, na ma fi su zaƙewa. A wurinmu in ɗan wasa ya ci, mai sanarwa yakan kira sunansa na fari, mu kuma mu amsa da sunan gidansu har rufi ya girgiza. Wallahi ba abin da nake son ji a duniya kamar sunan gidanmu, sunan mahaifina, daga bakin mutanen nan.

Bara aka hau da shi babbar ƙungiya. Koci ya jefa shi sahu na huɗu, na ƙarshe a jerin 'yan gaba, 'yan mintoci kawai, yawanci bayan wasa ya riga ya lalace. To ta yaya yaro zai ci daga kan benci? Bai ci ko ɗaya ba. Waɗanda suka gama ɗaga shi sama su ne suka fara cewa ba shi da ƙashi, tsoron karo yake, zuzuta shi aka yi a banza. A bayan kunnena ake faɗa, ina ji, ina buga ganga. Da bazara manaja ya kwaso wani ɗan Kanada da ya haura talatin, gwiwa duk ɗinki, aka ce wa Verneri babu gurbi, ko ya koma wasan matasa ko ya nemi wani wuri. Waɗanda suka neme shi kuwa su ne na ƙetaren tafki. Ba sai na faɗa miki matsayinsu a wurinmu ba. Mahaifina ko man mota bai yarda ya saya a garinsu ba har ya koma ga Allah.

Ya sa hannu. Ranar tafiyarsa na loda masa jaka da sandunan hoki a mota, na duba iskar taya, na ce ya kula da barewa a hanya. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Tun daga lokacin uwarsa yake kira. In ta miƙo min wayar sai mu yi zancen tayoyin hunturu, da ko tagar ɗakinsa na shigar da sanyi, mu ajiye. Ban je kallonsa ba ko sau ɗaya, ina zan kai fuskata a ɗakin wasansu? A gareji nake kallo a waya, na rage murya kamar ɓarawo. Can yana sahu na biyu, kuma yana ci, Malama, yana ci! In mai sanarwarsu ya ce Verneri, sai in ji baƙin mutane suna ihun sunan mahaifina, in rasa dariya zan yi ko kuka.

Kewarsa nake yi. Har warin kayan wasansa da Sirpa ke korawa waje nake kewa, da yadda yake shanye madarar gida a tsaye a bakin firji, da shirun da muke yi a mota in an lallasa mu.

Ga inda matsalar take. Muna da al'ada: duk ɗan garin nan da ya sa rigar waɗancan ya dawo, in an zo kan sunansa kafin a fara wasa, mai ganga zai buga sau ɗaya, 'yan tsaye gaba ɗaya su juya wa fili baya har a wuce sunan. Na buga wa mutane da dama, har da ɗan maƙwabcina, ko ɗar ban ji ba. Asabar suna zuwa. Abokina Jorma, wanda muke tsaye kafaɗa da kafaɗa tun kafin furfura, ya ce al'ada ba ta san ɗan kowa ba, wai in hannun tsoho zai yi rawa to in miƙo masa sandar gangar. Samarin wurin har sun fara tsokanata, wai Baba Mai Ganga zai kamu da mura ranar Asabar, a tanadar masa zuma. Sirpa kuwa ta ce in na kuskura na buga, ni da gangar mu nemi katifa a gareji. Verneri bai ce uffan ba, wannan ne ya fi ci min rai.

In na buga, na juya wa ɗana baya a gaban gari. In na ƙi, na watsa wa mutanen da suka ɗauki gawar mahaifina ƙasa a ido. In na zauna a gida ban gan shi ba, ni kuwa so nake in gan shi a kan ƙanƙarar da ya girma a kanta, ko da a cikin rigar da na tsana. Yaya zan yi?

Mai Ganga, daga bakin tafki

Malam Mai Ganga,

Murar nan dai cire ta daga kai tun yanzu. Ba wanda zai yarda, kai ma ba za ka yafe wa kanka ba.

Jorma ba mugu ba ne. A ƙaramin gari da yara ke tashi su tafi, juya bayan nan hanya ce ta cewa tafiyar ta yi ciwo, kuma kai da kanka ka buga wa 'ya'yan wasu, don haka kada ka yi mamaki in an zuba maka ido. Shi ma koci yana da nasa uzurin, nasarar wannan mako ce ke riƙe masa aiki, ba ta shekara uku masu zuwa ba. Amma a faɗi gaskiya: ɗanka ba guduwa ya yi ba, ƙofa aka nuna masa. Kun ɗora wa ɗan shekara sha shida gari guda a ka, aka hana shi wasa, sannan kuka ce bai ci ba. Ɗan gaba a shekarunsa in bai samu shiga wasa ba ya lalace. Ya tafi inda za a bar shi ya yi aikinsa, kuma ka gani da idonka cewa ya yi daidai.

Ka kira shi yau, da wayarka, ba ta Sirpa ba, kuma kada in ji zancen taya. Ka faɗa masa kana kallonsa a gareji. Ka zaɓi ci ɗaya da ya burge ka, ka ba shi labarin yadda ka gan shi. Ina kyautata zaton yaron nan yana ganin tun ranar da ya tafi ka riga ka juya masa baya, shi ya sa ya kasa tambayarka zancen Asabar. Ku biyu kuna ta jiran juna, ga shi kai ne babba.

Sannan ka sami Jorma kafin ranar, ku sha kofi, ka faɗa masa a fili: sandar tasa ce na wannan ɗan lokacin, ba za ka hana kowa juyawa ba, amma kai ba za ka juya ba. Kada ka ba su mamaki a cikin taro, wannan shi zai zama cin fuska. Wasu za su yi ta yi maka tsiya har Kirsimeti. Ka daure, ai ka taɓa ganin abin da ya fi wannan. Da an fara wasa ka karɓi gangarka ka buga wa ƙungiyarka kamar kullum, don ɗanka ya san wanda ya haife shi, ba zai so ka sauya riga ba. In ya zura muku, ka ajiye sanda, amma kada ka sunkuyar da kai.

Sunan mahaifinka kuma, mai yiwuwa ba za ka taɓa jin sa daga bakin 'yan tsayenku ba. Wannan rashi ne, ka yi baƙin cikinsa, ba laifi. Amma wata rana ka ɗauki Sirpa ku ƙetara tafkin, ka bar ƙyallen wuyanka na ƙungiya a gida, ku sayi kujera kamar kowa, ka ji shi da kunnenka ba ta waya ba.

Ranar Asabar in an kira shi zai ɗaga kai ya dubi bayan raga, ko ya so ko bai so ba. Zai ga ƙeyar mutanen da suka san shi tun yana goye. Ka tabbata a cikinsu ya ga fuska ɗaya.

Allah ya ba ka ƙarfin tsayuwa, shi kuma ya tsare masa gwiwoyinsa. A gaida Sirpa.

Orvokki