Rasuwar Malam Abdulwahabu Mode, Maƙerin Huta-Turmi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da Ya ba da aron rai kuma Ya karɓi abinSa, Ƙungiyar Maƙera da Masu Walda ta Bakin Rima ta samu labarin rasuwar ubanta, shugabanta na farko, kuma malamin mafi yawan 'ya'yanta, Malam Abdulwahabu Mode Gidan Dahala, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talatar nan a gidansa, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar wata huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura bayan la'asar, kuma duk wanda ya ga sahun jana'izar ya ga manoman da suka bar gonakinsu tsakiyar kaka suka shigo birni, wasu a babur, wasu a bayan motar hatsi. Ya bar mai ɗakinsa, Hajiya Mariyatu, da 'ya'ya bakwai da jikoki, babbansu shi ne Malam Sharifuddeen, wanda ke riƙe da maƙerar mahaifinsa.

Ga wanda bai san Marigayi ba, shi ne mutumin da ya ƙera injin sussukar geron da manoma suka laƙaba wa suna Huta-Turmi. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya haɗa na farkonsa da tsohuwar ganga da ƙarfen gado da injin wani babur da aka yar, bayan ya ga yadda hannun mahaifiyarsa ya yi kanta saboda taɓarya. Sau goma sha ɗaya yana wargaza shi yana sake haɗawa, har ya samu injin da ke ɓare tsaba daga zangarniya ba tare da ya farfasa ƙwaya ba, ya kuma sheƙe ƙaiƙayi a lokaci guda. Aikin da mata shida ke wuni a kansa ya koma na sa'a ɗaya. Yau da wuya ka shiga ƙauyen da ke noman gero a ƙasar Sakkwato ba ka ji kukan injin nan a masussuka ba.

Marigayi ya tashi a kan al'adar maƙeran da, waɗanda ba sa rubuta suna a jikin abin da suka ƙera, kuma ba sa rufe ƙofa ga mai son koyo. Mun sha roƙonsa ya buga sunansa ko da a murfin inji ne, amsarsa ɗaya ce kullum: "Mi za ni yi da suna bisa ƙarhe? Wanda ya halicci ƙarhen Shi ad da suna." Don haka da wasu baƙi suka zo masa da manyan riguna shekara shida da suka wuce, suna cewa masu saye ne, ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo musu fura, ya kwance injin gabansu ƙusa bayan ƙusa, ya bar su suka auna suka ɗauki hoto. Bayan shekara biyu sai ga Huta-Turmi an shafa masa koren fenti, an manna masa sunan wani kamfani da ba za mu ambata ba don kada mu ɓata takardar ta'aziyya, an yi masa rajista, har kwamitin karrama masu ƙirƙira ya kira mai kamfanin ya rataya masa lambar yabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba mu so mu kawo wannan magana cikin makoki ba, amma ba mu muka kawo ta ba. Marigayi yana kwance a gadon jinya, ba ya iya ɗaga kofi da kansa, aka aiko masa da takardar lauyoyin kamfanin, wai an ba shi da ɗansa kwana talatin su daina ƙera injin, in ba haka ba a rufe maƙerar a gurfanar da su kan satar fasaha. Takardar tana ƙarƙashin matashinsa ya cika. Wa'adin zai ƙare ranar Litinin mai zuwa, kuma a wannan maƙera iyalinsa ke ci, tare da magidanta goma sha huɗu da ke aiki a cikinta.

Tun daga ranar rasuwar muna jin 'yan siyasa suna ta kai-kawo da sunansa a gidajen rediyo. Masu kare tsarin da ake kai suna cewa doka ce, ba a tallafa wa manomi sai da injin da ke da rajista, kuma ba a kiran mutum mai ƙirƙira sai da takardar shaida. Masu suka kuwa sun samu sanda, suna ta rantsuwa cewa da su ne ke mulki da Marigayi bai mutu da baƙin ciki ba. Muna tunatar da su cewa a zamaninsu ne ya fara kai wa hukuma buƙatarsa ta a tallafa wa manoma da injinsa, ya zauna a benci kwana uku, aka ce ya koma ya zo da shaidar karatu. Ɓangarorin biyu duk sun san hanyar Gidan Dahala lokacin neman ƙuri'a, kuma duk sun manta ta lokacin da yake jinya. Muna roƙonsu da girman Allah su sauke gawarsa daga bakinsu.

Kwamitin karramawar ya aiko mana cewa zai zo gaisuwa da allon yabo mai ɗauke da kalmomin "ƙwararren mai walda." Ƙofar makoki a buɗe take ga kowane musulmi da ma wanda ba musulmi ba. Duk wanda ya zo zai cire takalmi ya zauna a tabarma ɗaya da manoma, ya yi addu'a a amsa masa da amin. Amma ba za a karɓi allo ba, ba za a yi jawabi ba, ba za a ɗauki hoton marayu ba. Masu walda mu ne, kuma ba ma jin kunyar sana'armu, sai dai mun san bambancin wanda ya liƙa ƙarfe da wanda ya fara tunanin yadda za a liƙa shi.

An ce ba mu da hujja tunda babu takarda. To, ga hujjarmu. A gefen hagu na kowane Huta-Turmi akwai wata 'yar ƙugiya mai tsawon ɗan yatsa. Tana nan a kan na Marigayi, tana nan daram a kan duk na kamfanin, har a takardar rajistarsu an zana ta, an ce wai tana rage girgizar inji. Muna gayyatar injiniyoyinsu su zo gaban alƙali ko gaban jama'a su nuna girgizar da take ragewa. Kowane manomi ya san amfaninta, domin Marigayi ya liƙa ta ne don mai sussuka ya rataye butar alwalarsa, kada ƙaiƙayi ya cika ta a ƙasa. Sun kwafi injin har da wurin rataye buta, ba su san abin da suka kwafa ba.

Saboda haka Majalisar Dattawan Ƙungiya ta zauna, ta nemi izinin Hajiya Mariyatu a kan abin da mijinta ya ƙi yarda da shi duk rayuwarsa. Amsarta gajera ce: "Shi dai ya yahe sunanai, amma bai yahe abincin ɗiyanai ba. Ku buga." A kan haka muke sanar da jama'a cewa ranar Litinin ɗin da wa'adin ke cika, Malam Sharifuddeen zai buɗe maƙerar mahaifinsa da safe kamar kullum, kuma maƙeru sittin da uku na 'ya'yan ƙungiya, daga Minanata har Gawon Nama, za su kunna wuta a kan aiki ɗaya, wato Huta-Turmi. Za mu kuma bi ƙauye-ƙauye, duk injin da ya fito daga hannunsa ko hannun waɗanda ya koyar, mu buga sunan Abdulwahabu Mode a gefen ƙugiyar butar. Mun san da yana raye da ya yi mana faɗa, muna neman gafararsa. Wanda ke da niyyar rufe maƙera ya zo da kwaɗo sittin da huɗu.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Mariyatu, da Malam Sharifuddeen da ƙannensa, da jama'ar Gidan Dahala, da matan karkara da suka aiko da gaisuwa ta bakin mazajensu. Allah Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi, Ya tsaya wa marayu, Ya kare su daga hannun da ya fi ƙarfinsu. Allah Ya jiƙan Malam Abdulwahabu, Ya yafe kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa kowace ƙwayar geron da ta fita daga injinsa ta zama nauyi a mizaninsa. A can ba a tambayar takardar rajista.

Sa hannu:
Junaid Arzika Minanata
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Maƙera da Masu Walda ta Bakin Rima, Sakkwato