Ɗorin Gidanmu

Ɗansoshiya, ranar Lahadi

Yaya Sagir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Ya ƙarin haƙurinmu?

Tun rasuwar Baba masu karaya ba su daina sallama ba, ka san gidanmu da ɗori aka san shi. Yaya Ismail ke fita, shi da Baba ya koya wa tun yana yaro. Amma Baffa Maikano ya tsaya kai da fata wai ɗori gado ne, jini yake bi, agola ba ya taɓa ƙashi. Wai kai za a jira, kai da ko ƙafar kaza ba ka taɓa ɗaurewa ba.

Kalmar jinin nan ta ishe ni. Da goyon Yaya Ismail Inna ta shigo gidan nan, cikin da ya ɗauke shi shi ya ɗauke mu. Ban san na uba kaɗai ake lissafawa ba sai yanzu. Shekaranjiya wani mutumin Badafi ya kawo ɗansa, har an miƙe ƙafar aka raɗa masa cewa Yaya Ismail agola ne, ya saɓa yaron yana kuka suka tafi. Yaya Ismail ya tattara kayan ɗorinsa, ni ce na yi kukan.

Don Allah ka zo ka faɗa a gaban Baffa cewa yayanka ne. Bakinka kaɗai za su ji.

Ƙanwarka,
Bushira

Ɗansoshiya, bayan Sallah

Yaya Sagir,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, cewa aiki ya riƙe ka. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Yaya Ismail ya tafi ranar Talata. Ya nufi Doguwa neman dangin mahaifinsa, mutanen da bai taɓa sa wa ido ba. Ya ce tunda jini ake nema, bari ya je inda nasa yake. Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ta kasa ɗago kai. Tun ranar sai da lallashi take shan ko kunu.

Baffa ya kulle ɗakin ɗori, yana ajiye maka makullin. Ba sai ka yi sauri ba. Masu karaya na zuwa suna tambayar magajin gida, ni kuwa hanyar asibitin Kiru nake nuna musu.

A gaida yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Bushira