Bijimin Tolegen

Litinin, 8 ga Afrilu

Akim, shugaban ƙauyenmu, ya tara mu a makaranta. Wai gwamnati za ta ba da tallafi a kan kowace saniya, a kawo mana bijimai na musamman masu farar fuska. Sharaɗi ɗaya ne: kada wani bijimin gida ya rage a garken ƙauye, in ba haka ba kowa ya rasa. Ana gama faɗi ido ya dawo kaina. Kowa ya fiɗiye nasa tun suna ƙanana, Karabas ɗina ne kawai ya rage, shi kuwa ya wuce fiɗiya. Na tashi na fita.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Sagindik, ƙanin mijina, ya zo shan shayi da tsokanarsa. "Matar yaya, wannan tsohon naki ko shanun ma sun daina kallonsa." Na ce ai kai ma haka, kuma ba wanda ya ce a yanka ka. Ya yi dariya, sannan ya bar tsokanar. Ya san mijina Tolegen ne ya raini Karabas da kwalba a bayan murhu, shekarar da uwarsa ta mutu a ƙanƙara. Tun rasuwar Tolegen, in garke ya dawo da yamma, kukan Karabas nake fara ji. Wa zan yi wa wannan bayanin? Akim?

Asabar, 20 ga Afrilu

Kulash maƙwabciyata ta wuce ni a kanti ba gaisuwa.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na shiga gidanta da niyyar wanke ta tas. Na tarar tana cire bunun rufin rumfa tana ba shanu, ciyawarta ta ƙare tun Maris. Biyu sun mutu mata a sanyin bana, ni ban ma sani ba. Ba ta ɗago kai ba. "Orazgul, ni ma na binne miji. Amma jikoki huɗu nake ci da su." Masifar da na ɗauko na koma da ita gida.

Laraba, 24 ga Afrilu

Mahauci ya ce zai turo mota a ɗauki Karabas. Na ƙi. Ba za a ja shi da igiya ana dukansa a gaban baƙi ba. Sagindik ya yanka shi a bayan gida, yau babu tsokana. Wa ke yanka a wannan lokaci, dabba duk ƙashi? Na dafa, na kira maƙwabta kamar yadda aka saba, na miƙa wa Akim kan bijimin. Kowa ya ci, an yi wa Tolegen addu'a. Kulash ce ta wanke kwanuka. Ni shayi na sha.

Laraba, 15 ga Mayu

An kawo sababbin bijiman. Uku, da lamba a kunne. Ban leƙa ba. Na daina fita tarar garke, shanun sun san hanya.

Alhamis, 5 ga Maris na sabuwar shekara

Jar saniyata ta haihu da hantsi. Namiji, fuska fara fat, ba abin da ya ɗauko na gidan nan. Na ce wa Sagindik ya ɗauke shi ranar da aka yaye. Amma yana ta karkarwa, uwar kuma ba nono. Na shigo da shi bayan murhu, na yau kawai. Ya tsotsi yatsana har ya yi zafi.

Ba zan sa masa suna ba tukuna.