Kada Masu Farin Kaya Su Ɗauki Akwatina

Ni Lucia, matar marigayi Othniel, shekara ashirin da shida ina aikin nas. Na rubuta wannan a gidanmu na Samaru, watan Maris 2004. Jiki ya ƙare, amma kaina garau yake, kada wani ya ce zazzaɓi ne ke magana. Martin, Sarah, 'ya'yana, ku karanta tare.

Na ɗaya. Ciwona ƙanjamau ne. Kada a tashi a coci a ce taifot. A bakin aiki na same shi. An kawo wata mai sayar da atamfa daga Sabon Gari da wannan ciwon, kowa ya noƙe. Aikin Martina ne ranar, yarinyar da ni na koya wa riƙe sirinji. Na ga ita ma ta ja baya, na karɓi sirinjin. Matar ta zabura, allura ta shige ni a yatsa, Martina na tsaye tana kallo.

Na biyu. Da aka tambayi Martina, ta ce ba ta tuna ba. Daga nan aka fara raɗa cewa yawo na yi bayan rasuwar babanku. Wannan ya fi ciwon ci mini rai. Ku dai kun ji gaskiya.

Na uku. Kun san al'adarmu: in nas ta rasu, abokan aiki kan sa farin kaya, su jeru da kyandir, su ɗauki akwati. Ban yarda ba! Wata biyu na kwanta a ɗakin asibitin da na shugabanta. Alamar jan biro a katina, safar hannu bibbiyu don auna zafin jiki kawai, kwanon abinci a bakin ƙofa. Wadda ta kasa dafa goshina ina numfashi, kada ta taɓa katakona. Su zauna a baya kamar kowa. Martin, na san ka da zuciya. Ban ce ka kori kowa ba.

Na huɗu. Adaobi mai goge ɗakin ce ta riƙa juya ni, tana ba ni ruwa a baki. Ita da Sarah za su wanke ni. Keken ɗinkina na Adaobi ne. Gida kuwa naku ne ku biyu, ba na sayarwa ba.

Na biyar. Sarah, na ga takardar barin makarantar nas da kika ɓoye cikin Littafi Mai Tsarki. Yaga ta. Agogon ƙirjina naki ne. Tsoro ba laifi ba ne, ni ma na ji shi ranar da allurar ta shige ni. Wurin jini ki sa safa, ki kula da allura, amma kada ki ajiye wa kowa abinci a ƙofa.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya tsare hannuwanku. Ku riƙe juna, kada fushina ya zama gādonku. Ni na kasa yafe wa Martina, ba zan yi ƙarya a bakin kabari ba. Amma Sarah, in wata rana aka kwantar da ita a ɗakin da kike aiki, ki dafa goshinta.