Inda Baba Ya Kafa Tukuba

Litinin, 2 ga Maris, 1964
Jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Sinnar, ya tashi, ko mutum ɗaya bai dubi agashena ba. Na koma gida da rabin naman. Matata Zainabu ta karɓi farantin ta juya mini baya. Gara ta zage ni.

Juma'a, 6 ga Maris
Gado ya tare ni a ƙofar masallaci. Gadon da na koya wa yankan nama, wanda ya shekara yana ƙona mini tsinke! Yanzu ya yi tukuba a tashar lori, inda leburori ke hawa zuwa aikin dam na Rusayris. Ya rage barkono, yana matsa lemon tsami, yana kiran ciniki da Larabci. Har ni ma da Larabcin ya kira ni, wai, "Ya zol, taho mu zamna tare, akwai wuri gindin dalbejiya." Na ce a tashar jirgi Baba ya kafa tukubarsa, a nan za a same ni. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 11 ga Maris
Baba ya sha gaya mini: yaƙi, da aikin hannu, da fatauci, abu guda ke ba da nasara a cikinsu, mutum ya tsaya inda aka ajiye shi. Shi da ya ga yaƙin Burmi da Turawa yana saurayi, ya zo ƙasar nan da tabon harsashi. Shekara ashirin ke nan ina tsaye, ban sauya ko yajinsa ba. To ina nasarar?

Alhamis, 19 ga Maris
Na sa an sayo mini naman Gado. Ƙuli-ƙulin bai gasu ba. An ce layi har bakin titi.

Juma'a, 27 ga Maris
Na kai wa Iya ƙorafi, na maimaita mata maganar Baba. Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Waɗanda sunka tsaya Burmi suna can kwance. Ubanka gudu yay yi, ɗan nan. Tabon ga, ina yake?" A baya yake, ƙasan kafaɗa. Ni na yi masa wankan gawa, na gani da idona, ban taɓa kawo komai a raina ba. "Da ya tsaya, wa za ya haihe ka?" Na tashi ban yi mata sallama ba. Haushin wa nake ji, ita ko shi, ban sani ba.

Asabar, 4 ga Afrilu
Ban hura wuta ba yau. Na bi ta tashar lori, don hanyar mai gawayi ce kawai. Filin da ke gindin dalbejiyar taku shida ne, iska kuma wajen motoci take kai hayaƙi. Na ɗebo tokar tukubar Baba a gwangwani, ba don komai ba. Zainabu ta ga lemon tsami a aljihuna, ta dube ni. Na ce na Iya ne, tari take yi.